Daga Wasiƙar Fanisau zuwa Kukin Burauza

Wanda ya fita daga birnin Kano ta arewa, ya bar filin jirgin saman Malam Aminu Kano a gefensa, ba zai yi nisa ba zai iske Fanisau, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Ƙasa ce ta noma mai yawan jama'a, inda gonar dawa ke ƙarewa a jikin katangar wani gida, wata gonar kuma ta fara daga bayan gidan, ga kuka da ɗorawa da mangwaro tsaitsaye a tsakani. Yawancin Kanawa sun san garin ne da hawan Fanisau, ranar da sarki ke fita da dawakai bayan salla zuwa gidansa na can. Asalin gidan kuwa na yaƙi ne. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da wurin ribaɗi, domin ya tare Ɗan Tunku da ya yi masa tawaye daga arewacin ƙasar Kano.

Ana cikin wannan yaƙi ne wani baƙo ya shigo Kano, ranar 20 ga Janairu 1824. Sunansa Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya taso daga Barno, kuma abokin tafiyarsa Dokta Oudney ya mutu a hanya kusa da Katagum. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa a Kano. Ba Musulmi ba ne, ba shi da dangi, ba shi da maigida a kasuwa. Duk da haka ya sami masauki, aka kai shi wajen sarki a wajen gari, ya je Fanisau, daga baya aka ba shi 'yan rakiya zuwa Sakkwato, inda ya isa cikin watan Maris. Abin da ya buɗe masa waɗannan ƙofofi takardu ne daga hannun Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu: ɗaya zuwa ga Hat Salah, attajirin da ke wakiltar Shehu a Kano, wata kuma zuwa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Fadar Dabo ba ta da hanyar bincika mutumin kansa. Abin da take iya bincika shi ne takardar: salon rubutun malaman Barno, lafazin gaisuwa da aka saba, da hatimin da ke jikinta. In waɗannan sun yi daidai, sai a ɗauki mai riƙe da ita a matsayin wanda takardar ta ce shi ne. Wannan tsari ya yi wa fatake da almajirai da jakadu aiki shekaru aru-aru, kuma rauninsa a fili yake. Darajar tana jikin takardar, don haka duk hannun da ta faɗa ya gaji darajar.

Clapperton ya ga ɗaya fuskar al'amarin a tafiyarsa ta biyu. A wannan karon ya biyo ta kudu, daga Badagiri, ya iso Kano a 1826, yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka daga gwamnatin Ingila zuwa ga Shehu Laminu. Amma zamani ya juya, Barno da Sakkwato sun shiga yaƙi. Sarkin Musulmi Bello ya sa aka ɗauko Richard Lander, baran Clapperton da aka bari a Kano, tare da kayan, aka kawo su Sakkwato, sannan ya nemi a miƙa masa wasiƙar Barno. Clapperton ya ƙi, ya ce wannan cin amana ne, amma aka karɓe ta tare da makaman da ke cikin kayan. Mai adalci zai ga hujjar Bello: ba sarkin da zai bar baƙo ya ratsa ƙasarsa da saƙo da makamai zuwa ga wanda ke yaƙarsa. Sai dai abin lura a nan shi ne, da zarar takardar ta shiga hannunsa, babu abin da ya rage tsakaninsa da abin da ke ciki sai tsaga ambulan da neman tafinta. Clapperton bai bar Sakkwato ba, can ya mutu a watan Afrilu na 1827.

Matsalar da fadar Dabo ta fuskanta game da baƙon nan ita ce matsalar da kowane shafin intanet ke fuskanta a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar da shafuka ke magana da ita, wato HTTP, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a farkon shekarun 1990, ba ta da tunawa. Burauza, manhajar da ake buɗe shafuka da ita, za ta nemi shafi, uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta miƙo shi, shi ke nan an rabu. In mutum ya danna wani abu bayan daƙiƙa ɗaya, uwar garke za ta ɗauke shi sabon baƙo. Wannan bai dami masu bincike da ke musayar rubuce-rubuce ba, amma ya hana ciniki, domin ba a iya tara kaya a kwando a shagon da mai shi ke manta fuskar mai saye duk lokacin da ya juya baya.

A tsakiyar 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, a kamfanin da ya zama Netscape, ya kawo mafita. Uwar garke za ta ba burauza wani ɗan guntun rubutu, burauza ta ajiye shi, ta riƙa nuna shi duk lokacin da ta koma wannan shafin. Ya ari sunan daga wata tsohuwar kalmar masu kwamfuta ya kira shi kuki. Ya fara aiki a burauzar Netscape da aka saki a watan Oktoba na shekarar. Abu ne ƙarami, bai cika wuce baiti 4,096 ba, abin da bai kai cikin shafi biyu na littafi ba. Jama'a ba su ma san da shi ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kansa a Fabrairun 1996, aka fara ce-ce-ku-ce a kan yadda masu talla za su bi sawun mutane da shi. An rubuta ƙa'idarsa ta farko a 1997, aka sake ta a 2011.

Surutun da aka yi ta yi a kan kukis ɗin talla, da akwatunan neman izini da ke tare fuskar kowane shafi a yau, sun rufe wani nau'in kuki da ya fi su muhimmanci nesa ba kusa ba. Idan mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a Gmail ko Facebook, shafin yana bincika su sau ɗaya ne. In sun yi daidai, sai ya ba burauza kuki mai ɗauke da wata doguwar lamba da ba a iya cankarta. Daga nan har makonni, ko watanni, wannan lamba ce shaidar mutum. Ba a sake tambayarsa kalmar sirri, ba a sake aiko masa da lambar tabbatarwa ta waya. Wasiƙar Shehu Laminu ke nan a sabuwar kama: shafin yana duba hatimi, ba ya ganin fuska.

An daɗe da sanin abin da wannan ke nufi, amma sai a Oktoban 2010 duniya ta gani da idonta. Wani mai rubuta manhaja, Eric Butler, ya saki wata 'yar manhaja mai suna Firesheep. A lokacin manyan shafuka suna kulle kalmar sirri a kan hanya, amma su bar kukin yana yawo tsirara. Duk wanda ya zauna a gidan shayi mai Wi-Fi na kowa da kowa, ya kunna Firesheep, sai hotunan maƙwabtansa na zama su fara jeruwa a gefen allonsa. Ya danna ɗaya, ya tsinci kansa a cikin asusun mai hoton. Butler ya ce ya yi haka ne don ya kunyata kamfanonin su gyara, kuma sun gyara. Facebook ya ba da zaɓin kulle dukan hanya a farkon 2011, ya mai da shi dole a 2013. Daga ƙarshen 2015 kuma Let's Encrypt ya fara raba takardun shaidar kulle hanya kyauta, har ƙananan shafuka suka samu.

Da aka toshe hanya, sai ɓarayi suka koma gida, wato cikin na'urar kanta. A 2017 Yahoo ya bayyana cewa an shiga asusu kusan miliyan 32 da kukis na jabu, waɗanda aka ƙera bayan an sace sirrin yadda kamfanin ke buga nasa hatimin. A Maris 2023 aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta YouTube, mai mabiya sama da miliyan 15, ta mutanen da sana'arsu ke nan sanin kwamfuta. Wani ma'aikaci ne ya buɗe fayil da ya zo da kamar takardar tayin talla, muguwar manhajar da ke ciki ta kwashe kukis ɗin burauzarsa. Ba a taɓa kalmar sirri ba, ba a buƙaci lambar tabbatarwa ba. Wata ɗaya bayan haka hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan ƙasashe da dama suka rufe Genesis Market, kasuwar da ake sayar da kukis ɗin da aka sato tare da kamannin na'urar da aka sato su, domin mai saye ya shiga ba tare da shafin ya tsargu ba.

Wanda ya fahimci wannan zai yi mamakin jin cewa akwai masu kwafar kukis ɗinsu da gangan daga wata na'ura zuwa wata. Amma buƙatar ta gaske ce, kuma ba sai an je Amurka za a gan ta ba. Mai shagon kwamfuta a Rijiyar Zaki ko Bachirawa, wanda ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da cike takardun neman aiki, yana iya kasancewa da kwamfuta biyu a shago, ɗaya a gida, da waya a aljihu. Kowane shafi da zai shiga a sabuwar na'ura zai aiko masa da lamba ta saƙon tes, saƙon kuma ya zo lokacin da ya ga dama, ko ya zo bayan wa'adinsa ya ƙare, ga layin mutane suna jira. Haka 'yar kasuwar da ke sayar da atamfa da turare ta Instagram, da ɗan jaridar da ke aiki tsakanin ofis da hanya. Dukansu abu ɗaya suke so: su shiga sau ɗaya, sauran na'urorin su gaji shigar.

Google ne ya fara gwada biyan wannan buƙata a fili. A Yunin 2006, tun kafin ya yi burauzarsa ta Chrome, ya saki wani ƙari ga Firefox mai suna Google Browser Sync, wanda ke daidaita alamomin shafuka, tarihin yawo, kalmomin sirri da kukis tsakanin kwamfutoci, yana kulle masu haɗarin da wata lambar sirri da mai amfani ya zaɓa. Bai yi tsawon rai ba, an dakatar da shi a 2008. Gidauniyar Mozilla, mai Firefox, ta fara nata gwajin a ƙarshen 2007 da sunan Weave, wanda ya zama Firefox Sync, ya shiga jikin burauzar a 2011. Abin lura shi ne inda manyan suka tsaya daga ƙarshe. Firefox Sync na yau yana ɗaukar kalmomin sirri da alamomi da tarihi da shafukan da ke buɗe, amma ba ya ɗaukar kukis, haka ma Chrome ga mai amfani na yau da kullum. Sun yarda su kai wa mutum mabuɗin gidansa ko'ina, sun ƙi kai masa ƙofar da aka riga aka buɗe. Akwai kuma dalili na aiki: shafuka da yawa suna sauya lambar kukin a kai a kai, in na'ura biyu suka riƙe kwafi biyu, ɗaya zai tsufa, ya kori ɗayan.

Giɓin da manyan suka bari ne ƙananan manhajoji suka cike, irin su CookieCloud, wadda wani ɗan ƙasar Sin ya rubuta ya saki kyauta, rubutunta a buɗe ga duk mai son dubawa. Tsarin irin waɗannan manhajoji yana da sassa biyu. Akwai ɗan ƙari da ake sa wa burauza, wanda ke tattara kukis ɗin shafukan da aka zaɓa, ya kulle su tun suna cikin na'urar, ya aika. Akwai kuma 'yar ƙaramar uwar garke da mutum ke kafawa da kansa, aikinta kawai ta karɓi ƙunshin ta ajiye. Na'ura ta biyu ta zo ta ɗauka, ta buɗe da kalmar sirrin da aka rubuta mata da hannu, ta zuba kukis ɗin a burauzarta. Uwar garken ba ta san abin da take riƙe da shi ba, kamar ɗan aike da aka ba akwati a kulle, mabuɗin kuma yana wajen mai aikowa da mai karɓa.

Kulle rubutu ilmi ne da ke da tsohon tarihi a duniyar Musulmi. Al-Kindi, a Bagadaza cikin ƙarni na 9, shi ya fara rubuta yadda ake karya rubutun sirri ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa, kuma al-Ƙalƙashandi na Masar ya keɓe wa fannin sashe a kundinsa na aikin magatakarda, Subh al-A'sha, a farkon ƙarni na 15. Darasin al-Kindi ya tsaya har yau: duk kullen da ke barin alamar asalin rubutun zai karye. Makullin da ake amfani da shi yanzu, AES, wanda wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, Amurka kuma ta amince da shi a 2001, ba a san wanda ya karya shi kai tsaye ba. Saboda haka ɓarawo ba ya ɓata lokaci a kan makullin, yana neman mabuɗin ne. Mabuɗin kuwa daga kalmar sirrin mutum ake ƙera shi. In kalmar sunan 'yarsa ce da shekarar haihuwarta, kuma aka ƙera mabuɗin ta hanya mai sauri irin tsohuwar MD5, kwamfuta mai ƙarfi za ta gwada biliyoyin kalmomi cikin ɗan lokaci har ta dace. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin da ke jinkirta kowane gwaji da gangan, irin PBKDF2 da Argon2, wadda ta ci gasar da aka yi kan wannan a 2015. Wanda zai ɗora kukis ɗinsa a kan irin wannan manhaja ya kamata ya fara tambayar yadda take ƙera mabuɗi kafin ya tambayi sunan makullinta.

Mozilla ta koyi wani darasin ta hanya mai ɗaci. Tsarinta na da yana ƙera dogon mabuɗi da ba ya barin na'urorin mai shi, ana miƙa shi daga na'ura zuwa na'ura ta hanyar rubuta 'yan haruffa. Ta fuskar tsaro ba shi da aibi. Amma mutane da yawa na'ura ɗaya gare su, sun ɗauka sun yi ajiya a wajen kamfanin. Ranar da kwamfutar ta lalace sai suka tarar ajiyar tana nan, amma ba mai iya buɗe ta, har Mozilla ɗin. A 2014 aka sauya tsarin, aka koma ƙera mabuɗi daga kalmar sirrin asusu, wadda mutum ke iya riƙewa a ka. An rage ƙarfi kaɗan don a rage asara, kuma da wuya a ce sun yi kuskure.

Sauran rabin maganar shi ne inda ake ajiye ƙunshin. Sha'awar mutum ya kafa uwar garkensa ta ƙaru ne bayan 2013, lokacin da takardun Edward Snowden suka nuna cewa hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suna tsotsar bayanai daga wayoyin da ke haɗa rumbunan Google da na Yahoo. Ta ƙara ƙarfi a duk lokacin da wani kamfani ya rufe hidimar da mutane suka dogara da ita, ko ya ƙuntata ta, kamar yadda Google ya hana wasu burauzoji amfani da tsarin daidaitawar Chrome a Maris 2021. Kayan aikin ma sun yi arha tun da Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu, ta fito a 2012. Hujjar masu wannan ra'ayi mai ƙarfi ce. Rumbun babban kamfani yana jan ɓarayi kamar yadda kasuwa ke jan 'yan sane, domin wanda ya fasa shi ya kwashi na miliyoyin mutane a tashi ɗaya. A 2022 an sace kwafin rumbunan abokan hulɗar LastPass, kamfanin da sana'arsa ke nan ajiye kalmomin sirri. Rumbunan a kulle suke, amma tun daga ranar tsaron kowane mutum ya koma kan ƙarfin kalmar da shi ya zaɓa.

Sai dai ajiya a gida ma tana da nata tarihin a ƙasar Hausa. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, wasiƙun sarakuna ta hannunsa suke bi, a gidansa kuma ake adana su. Ba a hannun baƙo suke ba, ba kuma a wata ƙasa ba. Kano ta faɗa hannun sojojin Lugga ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi ranar 15 ga Maris. A gidan Waziri Buhari Turawa suka tsinci tarin wasiƙu, cikinsu har da waɗanda sarakuna suka rubuto suna ba da labarin motsin Nasara da abin da suke ganin ya kamata a yi. Larabci ne a sarari, duk malamin da ya yi karatu zai karanta. A 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya buga fassararsu da Turanci a Legas. Masu tarihi sun ci riba, kuma ba don waɗannan takardu da na zuriyar Waziri ba da abin da aka sani game da tafiyar da daular ya ragu ƙwarai. Amma waɗanda suka rubuta su ba don idon Backwell suka rubuta ba. Abin da ya tsira daga hannun Turawa shi ne abin da ba a rubuta ba, domin sarakuna sun saba taƙaita takarda su bar sauran bayani a bakin amintaccen manzo.

Wanda ya kafa uwar garke a ɗakinsa ya zama Wazirin kansa, da duk nauyin da ke kan muƙamin. Shi zai riƙa sabunta manhajar duk lokacin da aka gano wata kafa a jikinta, shi zai lura in wani yana ƙwanƙwasa ƙofar da dare, kuma a intanet kullum akwai mai ƙwanƙwasawa, domin akwai manhajojin da ba su da aiki sai zagaya adireshi suna gwada ƙofofi. A wuri irin Ungogo akwai ƙarin wahalhalu biyu. Na farko wuta: na'urar da dole ta kwana a kunne tana buƙatar sola da batir, in ba haka ba za ta mutu daidai lokacin da ake nemanta. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Galibin masu intanet a nan ta layin waya suke samunsa, kamfanonin waya kuma suna cusa dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, ta yadda na'urar da ke gida tana iya fita amma ba a iya shigo mata daga waje. Mafitar ita ce ko a haƙa mata rami ta wata hidimar, ko a yi hayar wani yanki na kwamfuta a rumbun wani kamfani, sau da yawa a Jamus ko Holan ko Amurka, a riƙa biya da dala kowane wata. Da yawa daga abin da ake kira uwar garken kai, ɗakin haya ne a gidan wani, a ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Dokar kare bayanai da Nijeriya ta kafa a Yunin 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyi a kan bayanan mutane, amma ba ta da abin da za ta yi wa wanda ya bar ƙofar kansa a buɗe.

Daga nan za a ga cewa a cikin ginshiƙai biyu na wannan tsari, kulle da ajiyar gida, kullen ne ke ɗauke da ginin. In an kulle ƙunshin da kyau tun daga na'ura, da doguwar kalmar da ba ta da alaƙa da rayuwar mai ita, to ko a gidan wa ya kwana ba a cutu sosai ba. In ba a kulle shi da kyau ba, ajiye shi a ƙarƙashin gado ba zai hana ranar 15 ga Maris zuwa ba. Abin da ajiyar gida ke bayarwa na gaske shi ne 'yanci daga sauyin ra'ayin kamfani, da ficewa daga babban taron da ɓarayi ke hari. Wannan riba ce, amma ba ita ake yawan tallata ta da ita ba.

Akwai kuma abin da kullen ba ya taɓawa ko kaɗan. Kuki a kulle yake a hanya da wurin ajiya, amma dole a buɗe shi a cikin burauza kafin ya yi aiki. Kowace na'ura da aka ƙara, an ƙara wurin da shaidar ke zaune a buɗe. Kwamfutar shago da yaran unguwa ke sa mata filashi, wayar da ake bari wajen mai caji daga safe zuwa azahar, wayar da aka kai gyara Farm Centre ba a cire komai ba, ko wadda aka fizge a cikin adaidaita sahu, abin da Kano ta sha fama da shi a 'yan shekarun nan: in ɗaya ta faɗa hannun wani, ya sami shigar dukansu. Shi ya sa masu hankali cikin masu amfani da waɗannan manhajoji ke zaɓar shafukan da za a daidaita ɗaya bayan ɗaya, su bar banki da babban imel a waje, tun da ta imel ake sake kalmar sirrin kowane asusu. In na'ura ta ɓata kuwa, sauya kalmar sirri kaɗai ba kullum take isa ba. Sai an shiga shafin an umarce shi ya kori dukan na'urori, wato ya soke tsofaffin takardun da ya bayar.

Su kansu masu burauza sun kama wata hanyar da ta saba da wannan gaba ɗaya. Maganin da sarakunan da suka yi wa raunin takarda shi ne jakada sananne, wanda fadar da za shi ta san fuskarsa da muryarsa, ta yadda takarda a hannun wani ba za ta wadatar ba. A Afrilun 2024 Google ya sanar da wani tsari ga Chrome mai kama da haka. Lokacin da mutum ya shiga shafi, burauza za ta ƙera mabuɗi a cikin wani ɗan guntun ƙarfe na tsaro da ke jikin kwamfutar, wanda ake kira TPM, mabuɗin da ba a iya kwafe shi a fitar. Kukin da shafin zai bayar gajeren wa'adi gare shi, kuma ba za a sabunta shi ba sai na'urar ta nuna cewa har yanzu tana riƙe da wannan mabuɗi. An yi shi ne don ɓarayi irin na Genesis Market, amma shafin ba shi da hanyar bambance ɓarawon da ya kwafi kuki da mai shi da ya kwafa wa kansa. A duk shafin da ya ɗauki wannan tsari, kukin da aka tura daga kwamfutar shago a Bachirawa zai isa ɗaya kwamfutar lafiya, a kulle, ya buɗe daidai da kalmar sirrin, ya yi aiki na ɗan lokaci, sannan shafin ya nemi a sake shiga.